Ƙannena masu tsallakowa Damagaram da sabon digiri, ku gyara dosiye kafin intabiyu

Yaro na uku ke nan a bana da na gani ya shigo daga Najeriya ta iyakar Ɗan Barto da digirinsa sabo fil a leda, an kira shi intabiyu, ya koma gida ko kujera bai zauna ba. Abin yana min ciwo wallahi, don nima haka aka yi min, kuma da sun tambaya kafin su taso da an faɗa musu.

Masauki kada ya dame ku. Damagarawa ba sa barin baƙo ya kwana a tasha, 'yan uwanmu na Zango da na Kasuwar Dole ma in ka yi sallama za a san yadda aka yi da kai. Kabu-kabu zai kai ka ko'ina.

Inda ake faɗuwa takardu ne. A nan ba a ɗaukar CV kawai a hannu a tafi, dosiye ake haɗawa, wasiƙar neman aiki da Faransanci, kofen digiri da takardar haihuwa da aka buga wa hatimi a meri, wato ofishin magajin gari, ko wajen 'yan sanda, legalize suke cewa, sai takardar da ke nuna ba ka da laifi a kotu, kaziye, ita kuma kada ta haura wata 3. Digirinka na Turanci sai an fassara shi. Ni na zo daga Katsina wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa ta kira ni, na sha guga na shiga da orijinal ɗina duka, sakatariya ta buɗe fayil ɗin tana juya takardun ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta ɗago ta ce malam ina fassarar, ina hatimin? Ranar Juma'a ce, kafin in zaga in gane inda ake yi an tashi aiki, Litinin da na koma sun riga sun ɗauki wani. Na koma gida na nemi kuɗi, kafin wani gurbi ya fito takardar rashin laifin ta tsufa, sai da na sake sabuwa. Wata 5 na rasa a kan abin da kwana 3 ya isa. Kuma ku sani in an ɗauke ku kwantiragin baƙo sai ya bi ta ANPE, hukumar samar da aikin yi ta Nijar, ku tambayi mai ɗaukar tun a zaman farko.

Za su tambaye ka Bak da shekara nawa, wato shekara nawa ka yi karatu bayan Bak, jarrabawar gama sakandare ta nan. Lisans, wato digirin farko, na Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram shekara 3 ne bayan Bak, naka shekara 4 ne bayan sakandare, ka faɗe shi haka a fili, hidimar ƙasa kuma ka lissafa ta cikin ƙwarewar aiki, ka ce ga makarantar da ka koyar ga yawan ɗaliban.

Masu cewa ai tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, gaskiya ne, amma rahoton ofis har yanzu da Faransanci ake rubuta shi. Koyi gabatar da kanka da shi ko jimla biyar ce, in ka cije ka nemi izini ka koma Hausa, ba sa jin haushi. Turancinka kuma ka fito da shi, shi ne abin da yawancin abokan takararka ba su da shi.

Maganar albashi kada ka lissafa da naira a kai. Jika a nan sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, in aka ce jika ɗari da hamsin ana nufin 150,000. Tambayi ko kafin a cire na CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da haraji ne ko bayan an cire, in ba ka gane ba ka roƙa a rubuta maka adadin a takarda.