Kurakuran da Ake Yi Wajen Ɗaura Sabon Kafireto a Tsohon Babur

Honda CG125 ɗin da mahaifina ya bari ya fi shekara uku jingine a zauren gidanmu na Tudun Wada kafin na yi zuciya na ce sai ya tashi. Na shiga kasuwar Panteka, na sayo sabon kafireto fil a kwali, na ɗaura da hannuna, na buga kik. Babur ya ɗauka da wani irin ihu kamar zai tsage, yaran layi suka watse. Sai da na yi mako biyu ina fama kafin na tura shi wurin wani dattijon makanike a Kawo, kuma yawancin abin da zan faɗa a nan a gindin bencinsa na koya.

Ɓarnar tun daga kasuwa take farawa. Mai shago zai miƙo maka PZ30 ya ce ai wannan ya fi gudu, alhali injin 125 PZ26 ne daidai da shi. Lambar tana nuna faɗin maƙogwaron kafireton ne a milimita. In maƙogwaro ya yi wa ƙaramin inji yawa, iska ba ta wucewa da ƙarfin da za ta zuƙo mai, kana murɗa totur sai babur ya shaƙe kamar mai tari. Ka tafi kasuwa da tsohon a leda, a jera su, a gwada tazarar ramukan noti biyun nan da faɗin bakin da ke shiga robar iyakilina, wato matatar iska. Masu Suzuki A100 da Yamaha YB100 su ƙara kula, don nasu injin mai hayaƙi ne, kafiretonsa a cikin murfin gefen inji yake, kuma wayar totur ɗinsa ita ke jan famfon baƙin mai. Duk wanda ya taɓa wayar bai sake daidaita famfon ba, yana iya buga injinsa.

Ihun da babur ɗina ya yi kuwa, laifina ne tsantsa. Gwangwanin nan da wayar totur ke ɗagawa, wanda allura ke rataye a ƙasansa, na sa shi a juye. Dattijon ya zaro shi ya nuna mini: a jikinsa akwai doguwar tsaga da za ta bi ta kan wani ɗan ƙaramin haƙori a cikin kafireton, gefen da aka yanke a karkace kuma iyakilina yake kallo. In ka juya shi, ba ya sauka ƙasa, sai ya maƙale a sama, injin ya tashi kamar an murɗe totur. Ya ce, "Ɗana, kafin ka buga kik, ka murɗa ka saki, ka ji ya ce ƙwas a ƙasa." Na ce, "To, Baba." Daga nan ya juya kan babur dama da hagu injin yana silo, wato yana aiki ba a murɗa totur ba, don in ƙarar ta canza, wayar ta yi gajarta ko an bi da ita ta inda take ɗaurewa. A hannun totur a bar ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6.

Abin da ya fi cin mutane shi ne tanki. Babur ɗin da ya daɗe a ajiye, cikin tankinsa tsatsa ce da tsohon fetur da ya zama danƙo. Ka ɗaura sabon kafireto a ƙarƙashin wannan, kwana biyu ƙaramin jet na silo, wato ɗan bututun da mai ke bi, ya toshe, ramin da bai kai kaurin allurar ɗinki ba, sai ka koma kana zagin mai shago cewa jabu ya ba ka. Ko kuma ƙwayar tsatsa ɗaya ta tokare allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kafireto ya cika, mai ya riƙa tsiyaya ta tiyon ƙasa har ya jiƙa siminti. A sauke tanki a wanke, a wanke famfon mai, a sauya tiyo, a sa 'yar matatar mai a tsakani. Ga man bumburutu da muke saya a galan a bakin titi in layi ya yi tsawo, shi ma ba ya rasa ƙasa da ruwa.

Sai zuƙar iska ta mahaɗa. Wasu su mayar da tsohon gaskit da ya bushe, wasu su ɗaure noti ɗaya tamau kafin su taɓa ɗayan, har bakin kafireton ya lanƙwashe. Alamarsa, silo ba ya tsayawa wuri ɗaya, in ka saki totur ƙarar ta daɗe ba ta sauko ba, salansa tana harbi. Ana ɗaure notin biyu bi da bi, kaɗan kaɗan, da sabon gaskit.

A kan sukurori biyun nan na gefe ne ake asarar yini guda. Babban mai sifirin na silo ne kawai, yana ɗaga gwangwani ko ya sauke shi. Ƙaramin shi ke daidaita haɗin iska da mai, kuma aikinsa ya danganta da inda yake zaune: in yana ɓangaren iyakilina, iska yake ƙarawa in ka warware, in yana ɓangaren inji, mai yake ƙarawa. Ka murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka danna, don bakinsa siriri ne, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan sai injin ya yi zafi, cok, wato abin rage iska don tayar da inji mai sanyi, a kashe, ka riƙa juyawa kwata kwata kana saurare har ka sami inda ƙarar ta fi tashi, sannan ka sauke silo da babban. Wanda ya saita da sanyin safiyar hunturu inji bai ɗumama ba, kafin ya kai Kakuri saitin ya tashi a banza. Kuma don Allah a daina cire iyakilina wai don babur ya sha iska. Mai zai yi kaɗan, inji ya yi zafi, ƙurar Disamba kuma ta shiga ta cinye zoben fistin.

Fulogi ne zai gaya maka gaskiya. Ka sa sabo, ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka kwance ka duba bakinsa. Launin soyayyar gyada, an dace. Baƙi ƙirin da toka toka, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma shi ne mai haɗari. In matsalar a tsakiyar totur take, ƙaramin maƙalin da ke kan allura ake matsarwa: ka saukar da shi gurbi ɗaya allura ta ɗaga mai ya ƙaru, ka hau da shi mai ya ragu. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, ba uku a lokaci guda ba.

Tsohon kafireton nawa Keihin ne na asali, saura kaɗan in ba 'yan gwangwan. Dattijon ya karɓa ya jiƙa shi a fetur, ya hure ramukan da iska, ya karanta lambar da ke jikin babban jet, ya gwada da na sabon, suka sha bamban. Ya kwance na tsohon ya ɗaura a sabon tunda zarensu ya zo ɗaya, abin da ba zai yiwu da na Mikuni ba, don zare da lissafin lambarsu daban ne. Sauran gangar jikin ya naɗe mini a tsumma ya ce in adana a gida.