Laikin filanas a tafin hannu da na ƙafa: inda sababbin ma'aikatan lafiya ke tuntuɓe

Laikin filanas (lichen planus) wata cutar fata ce. Babban kuskure shi ne neman cutar da kamannin da aka haddace a aji: ƙuraje masu ruwan shunayya a wuyan hannu, da fararen zare-zare a kansu. A tafi ba haka take fitowa ba. Fatar wurin tana da kauri, sai ta ɓoye zaren, abin ya fito da tauri, ruwan ɗorawa, kamar kanta, galibi a kwarin tafin ƙafa. Daga nan sai a ce makero ne ko kirci.

Ni ma na faɗa wannan rami. Wata huɗu ina ba wata baiwar Allah maganin makero, ko kankare fatar ban yi ba don a duba a madubin gwaji. Ranar da wani babba a wurin aikinmu ya gan ta, cewa kawai ya yi, "Baba, buɗe bakinki." Ga fararen layuka nan kamar saƙar gizo a cikin kumatunta, alamar laikin filanas. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Tun daga ranar ba na sallamar mai irin wannan tafi sai na leƙa baki, na duba farce da wuyan hannu. In shakka ta rage, a yanki ɗan tsokar fata a kai gwaji. Mene ne abin ƙyuya a nan?

Sai kuskure na biyu, ragon magani. Ka shafa man haidirokotizon mai rauni a tafin ƙafa, ka ce cuta ta ƙi ji? Ai bai ma shiga ba! Ni kulobetasol 0.05%, man shafawa mai ƙarfi, nake bayarwa da dare, a naɗe da leda, bayan an tausasa kaurin da man salisilik. Amma da wa'adi, ba a sake wa mutum shi ya yi ta shafawa.

Ku tambayi magungunan da mara lafiyar yake sha, don wasu magungunan hawan jini da kulorokwin kan jawo ƙuraje irin waɗannan. A gwada ciwon hanta nau'in C, da tunjere, shi ma tafi yake so.

Asitiretin kuwa, wani maganin sha da ake bayarwa a wannan cuta, kada a kuskura a ba mai ciki, kuma kada mace ta ɗauki ciki sai bayan shekara 3 da daina shi. Gyambon tafin ƙafa da ya ƙi warkewa a sake kai shi gwaji, yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji.