Yadda za ka haɗa kayan jin kiɗa masu kyau a ɗakin haya a Legas

Idan kana so ka ji kiɗa yadda makaɗi ya buga shi, fara da cire ranka daga manyan akwatunan nan masu fitilu ja da shuɗi, waɗanda aka rubuta wa wat dubu biyar a goshi. Waɗannan na gidan biki ne da na masu talla a tashar mota. Abin da kake bukata bai kai haka yawa ba: sifika biyu, amfilifaya ɗaya (na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa sifika), na'urar da za ta ba su waƙa, sai kujerar da za ka zauna. Da su kaɗai, a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba, za ka ji inda mai kalangu yake da inda 'yan amshi suke, har ka ji mawaƙi ya ja numfashi kafin ya ɗauki baiti. Ni a Agege nake zaune, kuma duk kayan da ke ɗakina tokumbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, wayoyi kawai na saya sababbi.

Maganar wat ita ce ke cinye wa mutane kuɗi, don haka mu gama da ita tun da wuri. Lambar da ka ga an biyo ta da PMPO lambar talla ce, kada ka ɗora komai a kanta. Wadda za ka nema ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, kuma ga ɗakin haya wat 30 zuwa 50 a kowane ɓangare ya isa har da ragowa. Amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978, wadda masu wannan sha'awa ke nema har yau, wat 20 ce kawai a kowane ɓangare. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai sauti ke ƙaruwa (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari kaɗan. Sai ka ninka sau goma kafin ka ji kamar ƙarar ta ninku. A ra'ayina rabin kuɗinka ya tafi ga sifika, domin ita ce ke da murya, sauran a raba tsakanin amfilifaya da na'urar waƙa da kariyar wuta.

Kasuwar ita ce Alaba International da ke Ojo. Daga Mile 2 ka shiga motar hanyar Badagry, ka sauka a Volks, daga nan ka shiga ciki. Kada ka je ranar Lahadi, kuma ranar Alhamis da safe ana sharar kasuwa, shaguna ba sa buɗewa da wuri. Tun daga bakin hanya 'yan kamasho za su tare ka, wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce Oga, kowa na cewa shagonsa ne. Ka gaishe su ka wuce, ka tambayi layin masu kayan sauti na tokumbo, ka yi ciniki da mai shago da kansa. Ka tafi da abu huɗu a jaka: ƙaramar mitar gwajin wuta, batirin tocila mai bolt 1.5, wayar haɗa salula da amfilifaya, da waƙoƙi biyu ko uku waɗanda ka sani kamar yunwar cikinka. Mai shago zai so ya sa maka nasa kiɗan mai dukan ƙirji ya ƙure murya. Ka ce masa a'a, naka za a sa, kuma a hankali. Ni nakan tafi da karatun Alƙur'ani na makarancin da na saba da muryarsa, da waƙa ɗaya ta kalangu, da ɗaya ta gurmi. Muryar mutum ba ta ɓoye aibin sifika: idan ta fito ta hanci, ko harafin sin yana sukar kunne, ka ajiye ta komai kyawun katakonta.

Kafin ka taɓa komai, juya na'urar ka karanta bayanta. Wutar Najeriya bolt 230 ce a kan 50 Hz. Kayan Ingila da sauran ƙasashen Turai sun dace da mu kai tsaye, na Ingila ma fuloginsu mai ƙafa uku irin namu ne. Na Amurka bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuma 100. Waɗannan idan ka soka su a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, hayaƙi za ka gani nan take. Wasu tsofaffin Pioneer da Sansui da Kenwood suna da ɗan makunni a baya na zaɓen wuta, ka tabbatar yana kan 220 ko 240. Idan kuwa ranka ya biya da ta Amurka, sayi taransifoma wadda ƙarfinta ya ninka abin da aka rubuta na'urar tana ci, ka kuma ɗaure fuloginta da taransifomar da salatif, saboda wata rana yaro ko baƙo zai zare ya soka a bango.

Sifika kuma, cire ragar fuskarta ka duba zoben da ya kewaye babban faifan. Idan na soso ne, shafa shi da yatsa. Soson da ya shekara ashirin yakan ruɓe ya zama gari, kuma damshin Legas yana gaggauta masa. Na roba ko na ƙyalle sun fi daɗewa a nan. Sa yatsu huɗu ka danna faifan a hankali, daidai wa daida. Idan ka ji yana gogar wani abu a ciki, naɗin wayar da ke cikinsa ya taɓa ƙonewa. Ɗora mita a kan ƙusoshin baya: sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta) takan nuna wajen 6, kuma dole biyun su nuna kusan abu ɗaya. Sannan a kunna waƙa ka kai kunnenka bakin ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti, ta hagu da ta dama, domin ita ce ta fi mutuwa kuma a hayaniyar kasuwa ba za ka lura ba. Ka duba ƙasan akwatin ko katakon ya kumbura saboda ruwa. Ƙananan sifikun Ingila irin Wharfedale da Mission da KEF suna shigowa, kuma sun fi dacewa da ɗaki ɗaya a kan dogayen nan masu kai wa ƙugu, waɗanda za su cika maka ɗaki da gurnani.

Gwajin amfilifaya bai da tsawo. A kunna ta ba tare da sifika ba, a rage murya zuwa ƙasa, ka mai da mitarka ma'aunin DC ka ɗora a kan ƙusoshin sifika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya lau. Idan ta haura ɗari da yawa, akwai gyara a gaba, idan kuwa ta kai bolt guda, tana iya ƙona maka sifika. Murɗa kowane maɓalli ka saurara. Ƙarar ƙaras-ƙaras datti ne, man feshi na wanke maɓalli zai gyara, kuma dalili ne na neman ragi. Amma ɓangare ɗaya da ke ɗaukewa yana dawowa, ko ƙaurin ƙuna, ko zafin da hannu ba ya iya jurewa bayan 'yan mintuna, waɗannan ka bar wa mai shago kayansa. A rubuta maka rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin da za ka iya dawo da ita.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar kayan sauti a garin nan, musamman lokacin da aka dawo da ita bayan an ɗauke. Sayi sitabilaiza mai maɓallin jinkiri, ka ware ta ga kayan sautin kaɗai, ban da firji ko dutsen guga. Da an ɗauke wuta, tashi ka kashe amfilifaya. Ƙaramin janareton nan na gida wutarsa hawa da sauka take yi, ni ba na yarda in ɗora kayana a kai. Idan inbata kake amfani da ita, nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta Nepa. Mai arha za ta sa taransifomar amfilifaya ta riƙa kuka, kukan kuma ya biyo ta sifika. Wajen kunnawa, na'urar waƙa ce farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa, amfilifaya ce farko.

Wayar sifika ba ta bukatar tsada. Wayar lantarki mai laushi ta jan ƙarfe zalla, mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ko 2.5, ta wadatar. Sai dai ka kankare silin da wuƙa a gaban mai sayarwa, idan fari ya bayyana a ciki to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Idan ka juya ɗaya, kaurin sauti zai gudu, muryar mawaƙi ta watse ka rasa inda take. In alamar ta goge, ga amfanin batirin nan: taɓa wayoyin sifika da shi na ɗan lokaci, idan faifan ya turo waje, wayar da ke ɓangaren batirin mai alamar + ita ce ja. Kada sili ko ɗaya ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa. Kada kuma ka tara sifika huɗu a kan amfilifaya ɗaya don neman ƙara: biyu masu om 8 a ɓangare ɗaya sun zama 4, biyu masu om 4 sun zama 2, kuma amfilifaya kaɗan ce ke jure wannan.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Na shiga ɗakuna da yawa na tarar da sifika mai tsada ɗaya a kan durowa kusa da silin, ɗaya a ƙasa bayan kujera, mai ɗakin yana cewa an cuce shi a kasuwa. Babu wanda ya cuce shi, ajiya ce ba ta yi ba. Sifikun biyu da kanka su zama kusurwa uku masu tsawo ɗaya: idan mita biyu ce tsakaninsu, kai ma ka zauna mita biyu daga kowacce. Ƙaramar sifikar sama ta daidaita da kunnenka a zaune. Idan a kan darduma kake zama, kamar yadda na fi so, sai ka sauko da su daidai da haka. Janye su daga bango kamar kamu biyu, kada ka cusa su a lungu, domin lungu yana kumbura kaurin sauti har kalangu ya daina magana ya koma gungumi. Karkato fuskokinsu kaɗan su dube ka. Sa waƙar da murya ke tsakiya, rufe ido, ka riƙa matsar da su kaɗan-kaɗan har sai ka ji muryar ta tsaya cak a tsakaninsu, inda babu sifika. Ranar da ka fara jin wannan za ka gane abin da ya sa wasu ke kwana a kan wannan sha'awa.

Ɗakunan Legas tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, duk masu mai da sauti ne. Tsaya a tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya. Idan ka ji tafin ya yi wutsiya, ɗakin na bukatar abu mai laushi. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikun, sa labule mai nauyi a taga. Zauna a wurinka, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango sifika a madubin, nan sauti ke fara dukan bango ya dawo kunnenka, nan za ka rataya darduma ko ka ajiye kantar littattafai. Idan ƙuncin ɗaki ya sa dole bayanka ya jingina da bango, rataya bargo a bayan kanka. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya hana sauti shiga ɗakin maƙwabci, kyankyasai kawai yake tarawa.

Kayan kirki ba sa gyara waƙar da ta lalace, fito da aibinta ma suke yi. Yawancin abin da masu tura waƙa a bakin titi ke zuba wa mutane MP3 ne mai lambar inganci 128 ko ƙasa da haka, wasu ma daga bidiyo aka ciro su. Nemi mai 320, ko FLAC wanda ba a rage masa inganci ba, ko faifan CD na asali. Na'urar CD ta tokumbo tana cikin abubuwa mafi arha a Alaba. Idan salula za ka haɗa, sa ta a ramin AUX ko CD ko TAPE, ban da wanda aka rubuta wa PHONO, wannan na garmaho ne kaɗai. Tsofaffin waƙoƙinmu na Hausa da yawa a kaset suka rage, don haka na'urar kaset mai kyau ba abin rainawa ba ce. Ka duba bel ɗinta, domin yakan narke ya zama kamar kwalta, ka kuma riƙa goge kanta da auduga da sifirit. Za ka ji shuu ɗin kaset, amma za ka ji fatar ganga da amon ƙwarya yadda ba ka taɓa ji a salula ba. Mai son garmaho ya kula da abu ɗaya: na Amurka wanda motarsa ke bin bugun wuta an yi shi ne don 60 Hz, a wutarmu faifan da ya kamata ya juya sau 33 a minti zai riƙa juyawa wajen sau 28, taransifoma kuma ba ta gyara wannan. Technics SL-1200 MK2 da ire-irensa masu kulle gudu da kansu ba su da wannan matsala. Ka ɗaura siririyar wayarsa ta ƙasa a ƙusar GND da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba zai yi ta gunji.

Maƙwabci yana da hakki, kuma a gidan haya bango ɗaya ne tsakaninku. Kaurin sauti ne ke ratsa bango, don haka ɗora sifikun a kan abin ɗorawa mai nauyi da ɗan roba a ƙarƙashi, maɓallin bas ya zauna a tsakiya. Lokacin sallah a kashe, bayan isha'i a rage. Idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi wa kunnenka yawa. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage nan take, domin amfilifayar da aka ƙure ita ce ke ƙona ƙaramar sifikar sama, ko da wat ɗinta kaɗan ne.

Da damina kada ka bar kayan su yi mako ba a kunna ba. Ɗumin da suke yi da kansu yana korar damshi. Kada su taɓa bangon da ke jiƙewa, kada kuma su zauna a ƙasa idan unguwarku na ambaliya. Faifai a tsaye ake jera su, nesa da taga. Da hunturu ka lulluɓe amfilifaya da ƙyalle idan tana kashe, ka cire kafin ka kunna don ramukan iskarta su samu numfashi. Waɗanda ke kusa da teku, irin su Obalende da Ajah, su riƙa zare wayoyi suna goge bakinsu lokaci-lokaci, saboda iskar gishiri tana sa su tsatsa, kuma sau da yawa ɓangaren da ya yi shiru ba lalacewa ya yi ba, bakin waya ne ya yi kore.