Yadda Alhaji Zai Kula da Kansa Bayan Dawowa Daga Ƙasa Mai Tsarki

Wanda ya kwana a Mina da Muzdalifa, ya tsaya a Arfa cikin zafin rana, sannan ya yi kwanaki yana takawa zuwa wurin jifa, yana dawowa gida da gajiyar da murnar ’yan taro ke ɓoyewa. Saboda haka ya kamata iyalinsa su tsara lokacin da masu zuwa barka da sauka za su riƙa shigowa, musamman a makon farko, domin ya samu barci isasshe, ganin cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2.

Tarin da alhazai kan dawo da shi ba abin rainawa ba ne. Idan ya haɗu da zazzaɓi ko sarƙewar numfashi cikin kwanaki 14 da sauka, a garzaya asibiti, a kuma shaida wa likita daga inda aka fito, maimakon a tsaya sayen magani a kemis.

Batun tsaraba kuwa, dabino da tasbaha da ɗan ruwan Zamzam sun wadatar. A ganina kuskure ne mutum ya ci bashi don kawai a ce Alhaji ya yi rabo.