Yadda Ake Haɗa Eriya Mai Naɗi Don Magana Ta Tauraron Ɗan Adam

Eriya mai naɗi waya ce da aka murɗa kamar sifirin a gaban faranti na ƙarfe, kuma John Kraus ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka a 1946. Masu lasisin rediyon sha'awa suna son ta ne saboda siginar da take fitarwa tana tafiya tana juyi. Ƙaramin tauraron ɗan Adam yakan riƙa wulwulawa a sama, don haka miƙaƙƙiyar eriya sai ta ji shi yanzu, an jima ya dusashe, ita kuwa mai naɗi ba ta cika damuwa da yadda ya karkata ba.

Dukkan awon yana fitowa ne daga tsawon zangon siginar, wanda ake samu a mita idan aka raba 300 da yawan megahaz, wato ma'aunin mitar siginar. A kan megahaz 435, inda taurari da yawa na masu sha'awa suke aiki, zangon ya kai kusan santimita 69. Kewayen kowane naɗi zai zama daidai da zango ɗaya, wato faɗin da'irar santimita 22 ke nan, tazarar da ke tsakanin naɗi da naɗi kuwa ta yi ƙasa kaɗan da rubu'in zango, kamar santimita 16. Naɗi takwas zai ci waya wajen mita 5.7, eriyar kuma ta kai tsawon santimita 128. Farantin baya kada faɗinsa ya gaza santimita 52, kuma ragar ƙarfe mai ƙananan idanu ta fi falle, domin iska takan ratsa ta. A kan megahaz 145 faɗin naɗin zai kai santimita 66, girman da a ganina bai cancanci wahalar ba.

A samu wayar tagulla mai kaurin da za ta riƙe siffarta, ko siririn bututun tagulla. A fara naɗa ta a jikin wani abu mai faɗin da ya ɗan gaza wanda ake so, domin da zarar an sake ta sai ta ɗan buɗe, sannan a ja ta a hankali har tazarar ta daidaita. Sandar tsakiya da 'yan ƙafafun da za su tallafi wayar su kasance na roba ko busasshen katako da aka shafa wa fenti. Kuskuren 'yan milimita ba ya ɓata aikin, domin wannan eriya tana da haƙuri a kan awo fiye da yawancin takwarorinta.

Inda ba ta yafiya shi ne ɓangaren da aka naɗa ta. Mai haɗawa ya tsaya a bayan farantin ya dubi inda eriyar ta nufa: idan wayar tana nisa da shi tana bin hannun agogo, kamar zaren noti na yau da kullum, naɗin dama ne. Idan tauraron yana juyin dama aka fuskance shi da eriyar hagu, asarar tana iya wuce desibel 20, wato abin da zai iso bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma babu yawan naɗin da zai rama wannan. Abin ya fi rikita masu amfani da QO-100, injin maimaita siginar masu rediyon sha'awa wanda aka harba a jikin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar a watan Nuwamba na 2018. Ana aika masa sigina a megahaz 2400 da juyin dama, amma idan ƙaramar eriyar za ta haska cikin kwanon satalayit ne, dole a naɗa ta hagu, domin kwanon yana juya siginar idan ta daki fuskarsa ta dawo. A nan zangon santimita 12.5 ne kacal, faɗin naɗin santimita 4, tazarar kusan santimita 3.

Saura daidaita ta da kebul. Eriyar tana da turjiyar kusan om 140, rediyo da kebul ɗinsa kuwa om 50 suke bukata. Hanya mafi sauƙi ita ce a kafa soket ɗin a gefen farantin daidai inda naɗin ya fara, a liƙa siririn fallen tagulla da dalma a rubu'in naɗin farko, a bar shi ya kwanta kusa da farantin yana ɗagowa sannu a hankali. Sai a haɗa na'urar awo irin NanoVNA, a riƙa danna fallen ko ɗaga shi da ɗan tsinken roba, milimita ɗaya bayan ɗaya, ana janye hannu kafin a karanta, har awon SWR, wanda ke nuna yawan siginar da ke komowa baya, ya sauko ƙasa da 1.5.

Game da yawan naɗi, lissafin Kraus na asali yana nuna ƙarfin da ya zarce wanda ake samu a zahiri, musamman ga doguwar eriya, kuma duk naɗin da aka ƙara yana tsuke fuskar da take ji. Naɗi goma yana ba da buɗin kusan digiri 35, alhali tauraro mai ƙasa-ƙasa yana ratsa sararin sama cikin minti goma zuwa sha biyar, saboda haka wanda zai bi shi da hannu ya tsaya a naɗi shida zuwa takwas, ya kuma toshe bakin soket ɗin da gam don kada ruwan sama ya shiga kebul.