Yadda Ake Ƙera Ɗan Mutum-mutumin Sojan Bama da Fagen Dagarsa

Duk wanda ya duba 'yan sojojin roba da kamfanoni irin su Tamiya da Airfix ke bugawa don masu haɗa ƙaramin fagen daga a kan allo, zai tarar akasarinsu Jamusawa ne da Amurkawa da Turawan Ingila. Da wuya ka ci karo da namu. Alhali a nan Zariya Defo ke horar da kuratan soja tun 1924, kuma barikin Chindit ya ci sunan rundunar da ta yaƙi Japanawa a dazukan Bama (ƙasar Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda bataliya uku ta sojojin Najeriya suka shiga cikinta a 1944. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ma can suka yi nasu gumurzun. Tunda kasuwa ba ta tanadar mana mazan jiyanmu ba, sai mu ƙera su da hannunmu.

Kafin ka taɓa komai, tsayar da ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi a kayan soja shi ne 1:35, wato ka raba tsawon kowane abu gida 35. Mutum mai santimita 175 zai dawo santimita 5. Bindigarsa Lee-Enfield, mai kusan santimita 113, za ta dawo 3.2. Akwai 1:72, amma a nan sojan bai kai santimita biyu da rabi ba, ya yi wa mai koyo ƙanƙanta. Zana mutumin a takarda daidai girmansa, ka sa alamar kafaɗa da ƙugu da gwiwa. Kansa kada ya wuce milimita 7. Yawancin aikin sabon shiga a nan yake lalacewa: a yi ƙaton kai da manyan hannaye, sai soja ya koma yaro.

Kayan aikin duk suna samuwa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada: siririyar wayar jan ƙarfe daga guntun wayar lantarki, filaya, reza, tsinken sakace, samfefa mai laushi, sufa gulu, farin gam na kafintoci, da makwabin ifoksi mai kala biyu da ake murzawa su haɗe. Idan ka samu irin makwabin da ake kira Milliput, madalla, don yana ba ka lokaci. Irin na makanikai kuwa cikin 'yan mintuna yake sandarewa, balle da zafin bazara, saboda haka kwaɓa ɗan mitsitsi kawai a kowane karo. Fenti ka nemi akirilik, mai narkewa da ruwa, da burushi mai tsinin baki. Masu sayar wa ɗaliban zane kaya a Samaru sun san su.

Sai ƙashin jiki. Murɗa waya biyu wuri guda su zama gadon baya, ka raba su ƙasa su zama ƙafafu, ka gitta wata a sama ta zama hannaye. Bar rarar santimita guda a ƙarƙashin kowace ƙafa, ka soka ta a guntun katako don ka samu mariƙi. Yanzu ne za ka yanke shawarar abin da mutumin nan ke yi, kuma ina roƙonka kada ka tsayar da shi ƙiƙam kamar mai fareti. Runduna ta 81 ta shahara da sojojin dako, masu ɗauke harsashi da abinci a ka ta hanyoyin da mota ba ta iya bi a kwarin Kaladan. Ƙera ɗaya daga cikinsu. Je ka kalli mai dakon buhu a kasuwa: wuyansa a miƙe, nauyin jikinsa a kan ƙafa guda, ƙugu ya ɗan karkace, hannu ɗaya sama yana tallafe kaya. Lanƙwasa wayar ta ba ka wannan tsayuwar tun kafin a sa mata nama, domin bayan haka babu gyara.

Makwabin a hankali ake sa shi, hawa-hawa. Na farko siriri ne, ƙirji da ƙugu da cinyoyi kawai, ka bar shi ya bushe sarai. Na biyu shi ne tufafi. Shimfiɗa shi a ƙafa ɗaya, ka jiƙa tsinken sakace da ruwa, ka ja layukan tattarewar wando daga inda yadi ke ja: bayan gwiwa, matsematsi, da wurin da ƙafar wando ta shiga takalmi. A riga kuma hammata da gwiwar hannu. Gama sashe guda ya bushe kafin ka kama wani, in ba haka ba yatsanka zai shafe abin da ka wahala a kai.

Game da fuska, akwai maganar malamai a kan siffanta mai rai, kuma ba abin wasa ba ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Ta fuskar aiki dai, ana iya barin fuskar ba ido ba baki, inuwar malafa ko ta kayan da ke kansa ta rufe ta, kuma fagen ba zai rasa komai ba.

Malafar daji ka yanke ta daga takarda mai kauri, faɗin kamar santimita guda, ka ɗora mata ɗan makwabi a tsakiya. Bel da maratayan jaka, siririn tef ɗin takarda mai faɗin milimita ɗaya da rabi ya isa. Kada ka manta da adda, da gorar ruwa, da gammo.

Fenti ne wurin da na fi so a tsaya a natsu. Fara da shafe sojan duka da ruwan toka, siriri, ka bar shi ya kwana. Kakin Bama kore ne na daji, ba jar dara da jar falmaran ta ranar biki ba, kuma rana da ruwan sama sun koɗar da shi, don haka ƙara wa korenka ɗan fari da ruwan ƙasa. Fata kuwa, kada ka kusanci baƙin fenti zalla. Fatar mutanenmu ba baƙa ƙirin ba ce. Haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon ja, ka shafa sau biyu ko uku da fenti mai ruwa-ruwa. Sannan ka tsinka wani mai duhu sosai, ka bar shi ya gangara cikin lunguna: ƙarƙashin haɓa, tsakanin yatsu, cikin tattarewar riga. Daga ƙarshe ka ƙara ɗan rawaya a haɗin farko, ka taɓa karan hanci da kumatu da bayan hannu, inda haske ke sauka. A hunturu fenti kan bushe a bakin burushi kafin ya isa jiki, sai ka riƙa zuba shi a kan takardar da ka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso.

Fagen kansa ba ya da wuya. Ɗauki katako kamar santimita 15 da 20, ka manna masa farin kumfan da ake naɗo firji da shi, ka sassaƙa tudu da gangare. Farin gam kaɗai za ka sa a nan, sufa gulu cinye kumfan yake yi. Tankaɗe busasshiyar ƙasa, ka kwaɓa ta da gam da ruwa, ka yaɓe. Tun da danshi ka danna sawun takalmi a hanyar, ka huda gurbin wayoyin ƙafa. Tsinken tsintsiyar kwakwa da aka shafa wa kore yana zama gora, busassun saiwoyi su zama itatuwa, ganyen shayin da aka dafa aka shanya ya zama ganyayen da suka zube. Shafa ɗan taɓon nan a takalmin sojan har zuwa ƙwauri, don ya zama a cikin ƙasar yake tafe, ba ɗora shi aka yi ba.

Idan komai ya bushe, kai wa mai yankan gilashi awon tsawo da faɗi da tsayi ya haɗa maka murfi. Ƙurar Zariya in ta shige tsakanin ganyayen nan ba ta fita, sai dai a bi ta da busasshen burushi mai laushi.