Yadda Za Ka Gane Ko Kamfanin Gyaran Gida Yana da Ma'aikatansa na Dindindin Kafin Ka Ba Shi Aiki a Abuja

Mai gidan da zai sauya rufi a Kubwa, ko ya sabunta banɗaki a Gwarinpa, ko ya sake wayarin a tsohon gida a Garki, yakan fara da tambayar nawa aikin zai ci, alhali kuwa akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan, wato su wane ne za su shigo gidan da guduma da cebur. Wasu kamfanonin suna da birkiloli da kafintoci da masu aikin famfo da suke biya albashi duk wata. Wasu kuwa ofis kawai suke da shi da mota mai tambari, idan sun karɓi kwangila sai su yanka ta gunduwa-gunduwa su ba masu jinga, wani lokaci ma wanda aka ba wa ya sake sayar wa wani, har aikin ya faɗa hannun mutumin da bai taɓa ganin takardar yarjejeniyar ba.

Kafin ka iya tantance su, yana da kyau ka san abin da ya sa kamfani mai kishin sunansa yake ɗaukar nauyin riƙe ma'aikata. Mafi yawan abin da ke lalacewa a gyaran gida yana ɓoye ne a bayan filasta ko a ƙarƙashin tayil, inda ido ba ya kaiwa ranar da ake miƙa makulli. Mai jinga da ake biya a kan kowace murabba'in mita ta tayil, ribarsa tana cikin sauri, saboda haka yana iya ɗiga siminti a kusurwoyi huɗu ya ɗora tayil ya wuce, ya bar tsakiyar fanko, kuma ba za a gane ba sai bayan watanni idan ƙafar gado ta fasa shi. Ma'aikacin da ke karɓar albashi ba shi da wannan dalilin gaggawa, sannan ya san cewa idan aikin ya ɓaci shi ne dai za a sake turowa ya ɓamɓare abin da ya liƙa. Akwai kuma rigimar da ke tashi a mahaɗar sana'o'i: ruwa ya fara tsattsafowa ta bangon banɗaki, mai famfo ya ce mai tayil ne ya huda bututu, mai tayil ya ce dama haɗin bai kama ba, kowannensu kuma yana can wani aikin a Lugbe ko Mararaba, wayarsa tana ta ringi ba ya ɗauka. Idan dukansu ma'aikatan kamfani ɗaya ne ƙarƙashin foman ɗaya, wannan gardamar ta cikin gidansu ce, kai dai lamba ɗaya za ka kira. Ga iyalin da za su ci gaba da zama a gidan ana aiki, da mata da yara a ciki, sanin fuska da sunan duk wanda zai ratsa tsakar gida shi kaɗai ma ya isa dalili.

Wannan tsari yana da tsada, kuma a kanka tsadar za ta sauka. Kamfanin yana biyan albashi ko da damina ta tsayar da aikin waje, kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024, ƙwararren birkila kuwa ba zai zauna a kan wannan ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, yayin da dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun NSITF, wanda ke ɗaukar nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Don haka idan farashin kamfanoni biyu ya yi nisa da juna a kan kaya iri ɗaya, kada ka yi saurin cewa mai tsadar cuta ce ya shirya, domin araha ba ta ado.

Waɗannan nauye-nauyen su ne kuma hanyarka ta farko ta bincike. Takardar rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tana nuna cewa kamfanin yana nan a hukumance, amma ba ta nuna cewa yana da ma'aikaci ko ɗaya. Ka nemi ganin takardar shaidar biyan NSITF da ta hukumar fansho ta PenCom, domin wanda ba ya biyan albashi ba shi da abin da zai cire kaso a kai. Sai dai ka yi adalci ga ƙaramin kamfani, tun da tilascin dokar fansho ya fi hawa kan masu ma'aikata 15 zuwa sama, kuma akwai magina na ƙwarai masu mutum shida ko bakwai da suka daɗe tare. Irin wannan sai ka ce ya rubuto maka sunayen mutanen da za su yi aikinka, da sana'ar kowanne, da shekarun da ya yi tare da shi. Mai ma'aikatan gaske zai lissafo su a take ba tare da duba waya ba.

Bayan takarda sai ka je da ƙafarka, domin gani ya kori ji. Ka nemi a nuna maka wurin da suke aiki a halin yanzu, ba gidan da aka gama aka goge ba, kuma ka isa da sassafe lokacin da ake sauke kaya. Ka lura ko foman yana kiran mutane da sunayensu ko kuwa "kai, mai jar riga" yake cewa, wanda alama ce ta cewa a bakin titi aka kwaso su da safen nan. Ka duba ko injin yankan tayil da tsani da baro na kamfanin ne ko kowa da nasa ya zo. Sannan ka ja ɗaya daga cikinsu gefe, ku gaisa, ka yi masa sannu da aiki, ka tambaye shi cikin ladabi: "Malam, wa yake biyanka, kuma ƙarshen wata ne ko kullum da yamma?" Riga mai tambari ba hujja ba ce, ana raba ta da safe a karɓe da yamma. Kafin ka fita, ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da suka shimfiɗa da kan makulli a tsakiya da gefe, wanda ya zauna a kan siminti sosai sautinsa a toshe yake, mai fanko kuwa yana amsawa. Ka zuba ruwa kaɗan a daɓen banɗaki ka ga ko ya nufi magudana da kansa.

Ba kowace jinga ce abin gudu ba, kuma a ganina kamfanin da ya ce komai da komai mutanensa ne ke yi ya fi cancantar a yi masa tambayoyi. Haƙa rijiyar burtsatse, da haɗa tagogin alminiyam, da sanya sola, da adon silin na POP, wanda masu sana'a daga Togo da Jamhuriyar Benin suka yi suna a kansa a Najeriya, ayyuka ne da ba sa zuwa kullum, ba kuma kowane kamfani ne zai iya ajiye gwaninsu a kan albashi ba. Abin da za ka nema shi ne a faɗa maka tun farko wane ɓangare za a bayar waje da wanda za a ba, kuma ya zama mutumin da kamfanin ya saba aiki da shi. Ga wayarin, ka tambayi ko mai yin sa yana da shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin lantarki. Idan gyaran zai kai ga rushe bangon da ke ɗauke da nauyi ko ƙara bene, to sai da injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, da kuma amincewar sashen kula da gine-gine na hukumar birnin tarayya kafin a ɗaga guduma, in ba haka ba jan fentin alamar rusau zai iya bayyana a katangarka.

Duk abin da kuka yi magana a kai ya shiga takarda kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami. A rubuta sunan foman da lambarsa, a rubuta cewa ba za a miƙa wani ɓangare na aikin ga wani ba sai da izininka a rubuce, kuma kamfanin ne ke da alhakin aikin duk wanda ya kawo, da jinyar duk wanda ya ji ciwo a gidanka. A raba biyan kuɗi bisa matakan aiki, kuma a sa sharaɗin cewa ba za a rufe bututu ko waya da filasta ba sai an cika bututun da ruwa an bar shi ya kwana, ka gani da idonka, ka ɗauki hoton inda kowane layi ya bi. Idan kamfanin ne zai sayo kaya daga kasuwar Dei-Dei, a ambaci sunan samfurin da kaurin kwano da girman waya, kuma ka karɓi rasit. A ƙarshe ka riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin na tsawon wata shida, kamar yadda aka saba a kwangilolin gini. Ga aikin rufi da aka gama da rani, ka sa a rubuta cewa wa'adin zai kai har ƙarshen watan Satumba, domin ruwan Agusta da Satumba ne ke tona yoyo a Abuja.